Teku Ba Shi da Zango

Na gode wa Allah da Ya ara mini kwana har rubutuna ya kawo nan, domin nan ne wurin da na daɗe ina kewayewa. Labarin ƙuruciyata da na lekol, wato makarantar boko, na ba ku shi ba tare da wata wahala ba. Wannan kuwa sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Abin da ya tilasta ni wata magana ce da na ji ranar sunan jikana, ɗan Mustafa, ina kishingiɗe a zaure kuna tsammanin barci nake. Ɗayanku, ya san kansa, ya ce ai yayarku ta tashi a Djougou ne, garin da muke kira Jugu, saboda uwarta ta gudu ta bar ni ina can ina yi wa ƙasa aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma da na zauna na duba, ban ga laifin mai maganar ba, tunda ni na bar ku da wannan zato shekara da shekaru don ya fi mini daɗin ji. Uwar tata, Hajara, ta riga mu gidan gaskiya, ba za ta tashi ta kare kanta ba. Yayarku kuwa 'yar fari ce, bakina bai saba kama sunanta ba, amma a takarda zan rubuta shi: Rabi. Ga yadda na rasa su biyun, in kun karanta ku bar waccan magana.

Gidanmu na Parakou gidan fatake ne. Kakana ya bi hanyar Gonja da jakuna yana ɗauko goro, babana Alhaji Mamman ya gaji sana'ar lokacin da manyan motocin da muke kira kamiyo suka kori jakuna daga hanya. A gidan akwai doka ɗaya da ba a taɓa rubutawa ba, kuma ba a taɓa karyawa ba: babu mai fita tafiya sai ya faɗi sunan maigidan da zai sauka wurinsa. Ku 'yan zamanin waya a aljihu ba ku san nauyin wannan ba. Maigida shi ne mutumin da ke saukar da baƙin 'yan kasuwa a zangon kowane gari, ya ba su ɗaki, ya tsaya musu. In an yi haihuwa a bayanka, gidansa za a aika. In an yi rasuwa, can ne. In kai ne ciwo ya kayar, shi zai aiko gida. Abin da ya faɗa a kanka shaida ce, ba a ja da ita. Baba yakan ce daga Kano har Kumasi babu Bahaushen da zai yi wata guda a raye ba tare da wani zango ya gan shi ba, kuma a iyakar duniyar da ya sani, gaskiya ya faɗa.

Ni ne na fita daban a cikin 'ya'yansa. Na yi lekol, na samu aiki a Gar, inda jirgin ƙasan Kwatano yake ƙarewa, masu kamiyo su kwashi kaya su yi arewa. Aikina wayar tangaraho ne, ƙwanƙwasa gajere da dogo, ka saurara ka mayar da ita haruffa a takarda. Kunnena yana da kyau. Ba yabon kai ba ne, shi ne ma ya ja mini. Na auri Hajara, 'yar Malam Bukari mai karantarwa a Jugu, wadda na fara gani ranar kasuwar Partago tana ciniki da wani mai doya har sai da ya ɗaga hannu ya ce ta ɗauka. Ba ta da yawan magana a gida, amma in na zo ina zuba mata Faransanci don in burge ta, sai ta tambaye ni ko da shi zan ci tuwon. Muna zaune lafiya. Tana da cikin wata huɗu lokacin da abin ya zo.

Shekarar da aka canza wa ƙasa suna ce, lokacin da kowa ya koma kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Har tsohuwa mai ƙosai a bakin Gar sai ka ce mata kamarad kafin ta zuba maka yaji. Wata safiya aka kira ni biro, wato ofis, na tarar da mutum biyu da ban sani ba. Suka ce ƙasa tana da bakin teku amma ba ta da masu tsaron ruwa, sababbin abokanmu za su koya mana, kuma ana neman mai kunne irin nawa. Wata uku ne kawai. A gida in ce horo zan je Kwatano, ban da wannan ko kalma ɗaya. Na sa hannu a takarda ina jin kaina wani babba. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Okpara ba!

Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana tsince goro daga cikin ganye, yana ware masu tsutsa. Na gaya masa.

"Wata nawa?" ya ce.

"Uku, Baba."

"To, Allah Ya kiyaye hanya. Gidan wa za ka sauka?"

Wallahi tambayar nan ba ta zo mini a rai ba sai da na ji ta. Ban san inda za a kai ni ba. In na ce ban sani ba, Baba zai ce ba inda za ni, ko kuma ya ɗauki sandarsa ya tafi biro ya yi ta tambayar da aka ce kada a yi. Hajara tana tsaye a ƙofar shiga tsakar gida da ƙwaryar fura a hannu, ita ma amsa take jira. Sai wani suna ya faɗo mini, wanda nake ji kullum a bakin direbobin da ke kai albasa kudu.

"Gidan Alhaji Garba mai albasa," na ce.

Fuskar Baba ta saki. "Na san ubansa. Gidan mutunci ne. Ka gaishe shi da kyau."

A zuciyata na ce ba ƙarya ba ce sosai. Ina sauka zan nemi zangon Kwatano, in je in gaishe da mutumin, in roƙe shi ya riƙa karɓar mini saƙo. Haka na lallashi kaina har jirgi ya kai mu. Sai dai motar soja tana jira a bakin tasha, daga can sai bariki, daga bariki bayan kwana huɗu sai bakin ruwa. Zangon Kwatano ko ƙofarsa ban gani ba.

Jirgin da aka sa ni daga nesa na kamun kifi ne, amma ko ƙarnin kifi babu a cikinsa. Samansa duk sanduna ne da wayoyi. Na wata babbar ƙasa ce ta Gabas, kun san ta, ba sai na rubuta ba. Bakina ya saba da rufewa har yau. Mu uku aka ɗauka daga ƙasarmu, biyun mutanen kudu ne masu aikin inji, kuma bayan 'yan makonni aka mayar da su wani jirgi. Na rage ni kaɗai a cikin mutanen da ban san ko "sannu" a harshensu ba. Mutum ɗaya ne mai jin Faransanci, hafsan da ke kula da ni, wanda a raina na raɗa wa suna Mai Gemu. Aikina in zauna a wani ɗaki marar taga, abin sauraro a kunne, in rubuta duk ƙwanƙwasar da na tsinta daga jiragen wasu. Yawanci ban san ma'anarta ba. Makunnin aikawa kuwa a kulle yake cikin akwati, domin jirginmu saurare yake, ba ya magana. Ku duba wannan abu: ni da sana'ata aika saƙon mutane ce, na zauna kamu ɗaya da abin aikawa ban iya ce wa gida ina da rai ba.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi Mai Gemu me muke yi a tsakiyar ruwa, ba kifi ba yaƙi. Ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya danne gefenta da kofin shayinsa.

"Kai ruwa kake gani, ni hanyoyi nake gani," ya ce. "Man fetur ɗin abokan gabarmu ta nan yake bi, ya kewayo ƙasan nahiyarku ya haura arewa. Ƙarfensu, abincinsu, sojansu in yaƙi ya tashi, duk ta ruwa. Ƙasar da ta iya tsare wannan hanya tana barci lafiya. Wadda ta iya yanke ta kuwa ta riƙe wa ɗayar maƙogwaro."

"To me ya hana ku yanke ta?"

"Ranar da aka kai ga harbi, aikinmu ya lalace. Mu san inda suke, su kuma su san mun sani. Shi ke nan."

"Mu fa? Me kuka gani a wurinmu, ba mu da ko kwalekwalen yaƙi?"

Ya ɗora yatsa a kan Kwatano. "Jirgi yana shan mai, mutanensa suna shan ruwa, suna son albasa da lemo. Daga ƙasata zuwa nan tafiyar makonni ce. Jirgin da ba shi da inda zai tsaya a kusa, na ado ne."

Dariya ta kusa ƙwace mini. Ashe zango suke nema! Wannan ai karatun zauren gidanmu ne. Kakana ya san cewa a hanyar Gonja ba mai yawan jakuna ke da iko ba, mai rijiya da mai mashigin kogi ne, shi ya sa madugu yake kai wa sarakunan kan hanya gaisuwa tun kafin ayari ya iso. Manyan ƙasashen nan haka suke, kowace tana neman maigida a kowane bakin ruwa, kuma ba ta zuwa hannu rabbana. Sai na gane horon da ake ba ni yana cikin goron da aka kawo wa maigida ne. Ba don kyan kunnena kaɗai aka tuna da ni ba, kuma ban ji daɗin gane haka ba. Bayan 'yan kwanaki wani jirgi ruwan toka na ɗaya ɓangaren ya zo ya tsaya nesa kaɗan da mu. Kwana tara muna kallon juna. Mutanensa sukan shanya riguna a baya, wani lokaci su ɗago mana hannu, namu ma su ɗaga, daga nan kowa ya koma ɗakinsa ya ci gaba da sauraren ɗan'uwansa.

Wata uku suka cika, ba a yi maganar komawa ba. Yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa can kudu, jirage suna ta wucewa da kaya, aka ce ba mai motsawa daga bakin aikinsa. Na rubuta wasiƙu na miƙa wa Mai Gemu, yana karɓa yana sawa a aljihu. Ko sun tafi ko ba su tafi ba Allah Ya sani, ko ɗaya dai ba ta isa Parakou ba. Kaɗaicin da na sha a nan ban taɓa ba wa kowa labarinsa ba, har uwarku. In zan yi salla sai in leƙa allurar matuƙi in ga gabas, kafin in kai raka'a ta biyu jirgi ya juya. Azumi ni kaɗai na ga wata, ni kaɗai na ɗauka, ni kaɗai na yi salla ranar idi a bayan ɗakin inji. Na kama kaina ina gaida butata da safe da Hausa, ina tambayar ta kwanan gida, don kada harshen ya bushe a bakina. Ina lissafin watannin Hajara da yatsu. Ranar da na ƙiyasta ta kai ranar suna, na tsaya a gefen jirgi na yi addu'a, na rasa ko in ce Allah Ya raya shi ko Ya raya ta.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. A wata na goma jirginmu ya shiga wata tasha a gaɓar Afirka don ɗibar ruwa. An hana ni sauka. Da hantsi ina jingine da ƙarfen gefen jirgi, sai na hango wani mutum a ƙasa da hula irin tamu, da tire a kai an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ya buɗe baki ya ce, "Goro, farin goro!" Tsakanina da shi bai fi daga zaurenmu zuwa masallacin unguwa ba. Maganar tana kan harshena a shirye: Malam, Isa ɗan Alhaji Mamman na Parakou yana gaida gida. Na san mutanenmu. Kafin sati biyu da ta bi zango zango ta isa zauren Baba. Amma Mai Gemu yana gefena yana shan taba, kuma an gaya mana mai buɗe baki da ankwa zai koma gida. Shekaru na yi ina gaya wa kaina tsoro ne ya riƙe ni. Tsoro rabin dalilin ne kawai. Ɗaya rabin kwaɗayi ne, domin a makon nan aka yi mini albishir za a wuce da ni makarantarsu ta hafsoshi, in dawo da anini a kafaɗa. Na tsaya ina kallon mai goro har ya sha kwana a bayan wani sito.

Daga can aka wuce da ni ƙasarsu, garin da ruwan tasha yake daskarewa. Sai da na yi shekara biyu da rabi rabona da gida.

Abin da ya faru a bayana daga baya na ji shi. Hajara ta tafi Jugu haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya. Ranar suna Baba ya zaɓi goro mai kyau, ya ƙunshe a ganye da hannunsa, ya ba wani direban kamiyo ya kai mini gidan Alhaji Garba. Bayan kwana shida ƙunshin ya dawo ba a kwance ba. Alhaji Garba, Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne kamar yadda Baba ya ce. Ya aiko cewa bai taɓa ganin mai wannan suna ba, kuma ya sa an bi gidajen zangon Kwatano ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya saukar da ni. Baba ya aika Lome, ya aika Ikko, ya aika Akara da Kumasi da Yamai. Amsa ɗaya ce. A Gar aka ce masa takarda ce ta zo daga sama, ba su san komai ba. Ya je wani biro na soja, aka ce tsoho ya koma gida ya huta. A shekarun nan kuwa akwai waɗanda aka tafi da su ba su dawo ba, don haka Baba ya yanke a ransa na mutu, ya dai ƙi faɗa da baki. Hajara ta gama wanka ta dawo ɗakinta a Parakou, ta zauna fiye da shekara. Ba yunwa ce ta kore ta ba, ba kuma wanda ya yi mata gori. Daga bisani ta nemi a duba mata matsayin aurenta. Malamai suka zauna, suka ba da wa'adi, wa'adi ya cika, aka raba auren. Bayan ta gama idda wani tela mutumin Sérou, mai shago a bayan kasuwar Jugu, ya aure ta. Sule sunansa.

Na sauka a Gar da tsakar rana cikin farin kaki, anini ɗaya a kafaɗa, ina tafiya kamar ni na gina tashar. Mai ƙosai ta gan ni ta saki matsami a cikin mai tana salati. Baba yana zaure inda na bar shi, ya rame, ganinsa ya ragu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana shafa fuskata. Da ya buɗe baki bai tambaye ni lafiya ba.

"Isa, gidan wa ka sauka?"

"A teku nake, Baba. Teku ba shi da zango."

"To me ya hana ka faɗi haka?"

Shi da kansa ya gaya mini sauran, a hankali, bai ɓoye komai ba. Na shiga ɗakinmu na tarar an zuba buhunan goro a ciki, sai ƙusar da take rataye mayafinta. Na yi fushi, fushi mai tsanani, da Hajara, da ubanta, da malamai, da kowa ban da ni. Matan gida suka ƙara zuga ni, wai 'yarmu ce, jininmu ne, ba za ta tashi a gidan tela ba. Baba bai ce in je ba, bai ce kada in je ba. Kwana uku bayan haka na hau mota zuwa Jugu da niyyar ɗauko yarinyar, kuma da gangan na sa kakin.

Malam Bukari ya karɓe ni a zaurensa da mutunci. Da can "ɗana" yake ce mini, ranar kuwa "Malam Isa" na zama. Ya aika aka kira Hajara. Ta zo riƙe da hannun wata 'yar yarinya mai goshin gidanmu sak, ta zauna daga bakin ƙofa. Yarinyar na ganin kaki ta ɓuya a bayan zanen uwarta.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Hajara.

"Aikin ƙasa ne, Hajara. An hana ni magana. Ba ki san irin..."

"Na ji. Ba aikin nake tambaya ba."

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ƙunshi, ganyen ya bushe ya yi baƙi, ta turo shi gabana a kan tabarma. Goron sunan ne, ya ƙandare kamar tsakuwa.

"Da ka ce mini ba ka san inda za a kai ka ba, wallahi da ka tarar da ni a ɗakina ko shekara goma ka yi. Matan gidanku sun saba jiran wanda hanya ta riƙe, ni ma da na koya. Amma ina tsaye da fura a hannu na ji ka faɗi suna, bakinka bai yi rawa ba. Da goron nan ya dawo, Baba ya ce a ransa ka mutu. Ni ban ce ka mutu ba. Cewa na yi mutumin da ya shirya amsa tun kafin ya tashi, ya shirya rashin dawowa."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Duk maganar da na tsaro tun daga Parakou, ta manyan ƙasashe da hanyoyin teku da sirrin da aka ɗora mini, sai ta zube. Jirgi ya riƙe ni, gaskiya ne. Amma ba jirgi ne ya faɗi sunan Alhaji Garba ba, ba shi ne kuma ya yi shiru gaban mai goro ba. Ina cikin wannan hali wani siririn mutum ya yi sallama, awon tela a wuyansa, zare a jikin rigarsa. Yarinyar ta fito da gudu ta rungume ƙafarsa tana cewa "Baba". Abin ya soke ni har yau ina jin wurin.

"In ɗaukar ta ka zo yi, ba mai tare maka hanya," in ji Malam Bukari. "'Yarka ce."

Na dubi Hajara. Hannunta ya damƙe gefen tabarma. Kada ku ɗauka kirki ne ya motsa ni. Lissafi na yi irin wanda aka koya mini. Ina zan kai ta? Bariki a Kwatano, ko ɗakin da aka cika da buhuna? Na riga na raba matar nan da aurenta da kalma ɗaya, yanzu kuma in raba ta da 'yarta don in huce haushin laifin da ni na yi?

"A bar ta wurin uwarta," na ce. "Zan riƙa zuwa ina ganin ta."

Malam Bukari ya yi addu'a muka shafa. La'asar ta wuce, motar Parakou ta riga ta tashi. Sai tsohon ya yi mini tambayar da ake yi wa kowane baƙo, ba da wata manufa ba, bakinsa ne ya saba.

"Gidan wa ka sauka?"

A garin nan gidansa ne masaukina tun ina neman aure, kuma mu duka mun san yanzu ba zai yiwu ba. Sule ne ya yi gyaran murya, da Hausarsa mai gardin yaren Dendi.

"Akwai ɗaki a bayan shagona, akwai tabarma da buta. Baƙo ba ya kwana a tasha a garin nan. In an aiko daga Parakou ana tambaya, a samu wanda zai ce ya gan ka."

Girman kaina ya ƙare a wurin. Na ɗauki ƙunshin goron na bi shi.

Na ƙarasa shekarun aikina a tashar Kwatano ina kallon manyan jirage suna shiga suna fita. Na ga ranar da jiragen su Mai Gemu suka daina zuwa, na ga wasu sun zo da wata tuta da wani goron. Hanyar tana nan, masu neman zango suna nan, kuma ba na ce aikin banza muka yi ba, ƙasa mai bakin ruwa dole ta san wanda ke wucewa ta ƙofarta. Na auri uwarku, Allah Ya ba ni ku. Amma yayarku ta tashi tana ce mini "Baban Parakou", da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙon da ake girmamawa, kuma ranar aurenta Sule ne ya san irin atamfar da take so. Wannan shi ne abin da na biya. Duk zuwan da na yi Jugu tun daga ranar, a ɗakin bayan shagon nan nake sauka. Yanzu kun san dalilin da nake tsare ku a ƙofa da tambayar gidan wa za ku sauka, kuna gunaguni kuna nuna mini waya. Goron yana cikin gwangwanin da ke ƙasan akwatina tare da aninin, kada wanda ya zubar.

Ga wasiyyata a kan wannan. Ranar da tawa ta zo, kafin ku buga wa kowa waya, ɗayanku ya hau mota ya je Jugu da ƙafarsa, bayan kasuwa, shagon Sule tela. Ya tsufa, ba ya ganin kafar allura, amma yana nan zaune a ƙofa. Shi za ku fara gaya wa, shi kuma ya gaya wa Rabi, domin shi ya san yadda ake gaya mata magana mai nauyi. In wani ya tambaye ku gidan wa babanku yake sauka, ku faɗi sunansa ba tare da shakka ba. Wannan karon in aka je aka tambaya, za a ce an san ni.